Wane ne nas? Fashin baƙi kan aikin jinya, karatunsa da masu fararen kaya a unguwanninmu

Wane ne nas, kuma me ya rage na aikinsa idan aka cire allura da ƙarin ruwa?

Tambayar ta dawo bakin mutane a Jos tun ƙarshen watan Yulin 2025, lokacin da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi na kwana 7. Kwanakin ba su cika ba aka janye shi, ranar 2 ga Agusta, bayan zama da gwamnatin tarayya. Sai dai 'yan kwanakin nan sun isa mutane su ga wani abu da idonsu: likitoci suna nan, gadaje suna nan, magani yana nan, amma ana ta sallamar marasa lafiya, domin babu mai kwana a kansu.

A teburin mai shayin da nake zama a Bauchi Road, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Su nas-nas ɗin nan me suke nema ne? Likita ya rubuta, su kuma su miƙa. Ko ni aka nuna wa zan iya." Wani matashi ya karɓe: "Wallahi Baba, a layinmu akwai wata mai yin allura, ko ƙofar makarantar jinya ba ta taɓa takawa ba, kuma hannunta ba zafi." Aka yi ta gyaɗa kai. Maganganun nan biyu su ne tushen ruɗanin gaba ɗaya, kuma mu talakawa muke biyan kuɗinsa, wani lokaci da ƙafar yaro, wani lokaci da rai.

Suna ɗaya, mutane daban-daban

A bakinmu, duk macen da ta sa fararen kaya a asibiti nas ce, duk namijin da ya sa kuwa likita ne. A doka abin ba haka yake ba. Nas, mace ko namiji, shi ne wanda ya yi karatu a makarantar da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, ta amince da ita, ya ci jarrabawar hukumar, aka sa sunansa a rajista, aka ba shi lasisi. Hedikwatar hukumar tana Abuja. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ce ta kafa ta, inda ta haɗe hukumomi biyu da suka girme ta: ta ungozomomi, wadda ta samo asali tun 1930, da ta ma'aikatan jinya ta 1947. Lasisin kuma ba a ba da shi har abada. Duk shekara 3 ake sabunta shi, bayan mutum ya nuna shaidar ya halarci kwas na ƙarin sani.

Wanda ka ga RN a bayan sunansa, nas ne mai rajista. RM kuwa ungozoma ce mai rajista, wadda karatunta ya tattara kan ciki, haihuwa, jego da jariri. Da yawa suna riƙe da duka biyun.

Akwai kuma ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda aka fi sani da CHEW. Su ne ke riƙe da mafi yawan ƙananan asibitocin shan magani a ƙauyukan Filato, da dama daga cikinsu sun fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Pankshin. Ma'aikata ne na halal, da karatunsu da hukumarsu da lasisinsu, kuma tun 2014 gwamnati ta fito da tsarin da ya ba su damar ɗaukar wasu ayyukan da a da sai nas ko ungozoma, saboda ƙarancin hannu. Amma karatunsu daban, iyakar aikinsu daban. Sai masu taimako a ɗakin marasa lafiya, masu gyaran gado da tura keke da kai jini ɗakin gwaji. Sai kuma wadda ake kira okzilari, wadda zan dawo kanta, domin a nan gizo yake saƙa.

Abin da na gani da ƙarfe biyun dare

Wata shekara cikin sanyin Disamba aka yi wa mahaifina tiyata a ciki, a wani asibiti a nan Jos, ni ne kuma nake kwana da shi. A dare na biyu, wajen ƙarfe biyu, ya fara juye-juye yana jan zanen gado, yana cewa ƙishirwa yake ji. Na ɗauka zafin ɗinki ne. Na riga na ɗauko gorar ruwa sai ga nas ɗin da ke aikin dare, ita da ɗaliba guda suke riƙe da ɗakin gaba ɗaya.

Ta ce, "Sannu Baba. Ina ne yake maka ciwo?" Tana tambaya tana riƙe da wuyan hannunsa, idonta a kan ɗan agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta. Ta taɓa goshinsa, ga gumi mai sanyi, a cikin wannan hunturu na Jos da kowa ke ƙudundune cikin bargo. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba. Ta durƙusa ta ɗaga jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado, ta ga tun ƙarfe goma kusan bai ƙaru ba. Sannan ta buɗe takardar da ake rubuta awonsa. Daga baya ta nuna mini: bugun zuciyarsa 88 da ƙarfe goma, 104 da sha biyu, yanzu 122. Awon jininsa kuwa bai faɗi sosai ba tukuna.

Ta juyo ta ce mini, "Malam, kada ka ba shi ruwa ko da ya roƙe ka. Ka kira 'yan'uwanka, za a iya buƙatar jini." Ta tura ɗalibar kiran likita, ta sa masa wata hanyar ƙarin ruwa a ɗaya hannun, ta ɗebi jininsa aka kai a gwada wanda zai dace da shi. Kafin kiran assalatu an mayar da shi ɗakin tiyata. Jini ne yake zuba a cikinsa.

Babu likitan da ya rubuta mata "ki lura yana zubar da jini a ciki". Lambobi uku a takarda, jakar fitsari da gumin goshi, su ta haɗa ta karanta. Wannan karatun shi ne aikin jinya, shi ne kuma abin da ake shafe shekaru ana koyarwa. Soka allura ana iya koya wa mutum cikin mako guda.

A makaranta suna kiran wannan tsarin jinya, kuma matakai biyar gare shi. Ana fara da bincike: a tambayi marar lafiya, a dube shi, a auna shi. Babban mutum mai lafiya zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, yana numfashi sau 12 zuwa 20, zafin jikinsa wajen digiri 37. Nas ba lambar yau kaɗai take kallo ba, tana kallon inda lambobin suka nufa. Daga nan sai ta fayyace matsalar da ke gabanta, ta tsara abin yi da abin da ya kamata a fara da shi, ta aiwatar, sannan ta dawo ta duba ko ya yi amfani. In bai yi ba, a koma farko. Duk abin da ta yi sai ta rubuta, shi ya sa kake ganinsu kullum da biro, muna cewa sun ƙyale mutane suna ta rubuce-rubuce. Da mai aikin yamma ba ta rubuta 88 ba, da mai aikin dare ba ta san 122 labari ne ba.

Inda aikin likita ya tsaya, na nas ya fara

Likita yana farautar cutar: mece ce, daga ina, wane magani ko wace tiyata za ta kawar da ita. Yakan zo zagaye, ya duba, ya yanke shawara, ya wuce gado na gaba. Nas kuwa tana tare da mutumin da cutar ta kama, dare da rana, tana lura da yadda ciwon yake hana shi ci, barci, bawali, motsi da natsuwa. Wata malamar jinya Ba'amurkiya, Virginia Henderson, ta bayyana aikin a shekarun 1960 da ma'anar da har yau ake koyarwa a makarantunmu: taimaka wa mutum ya yi abin da da kansa zai yi wa lafiyarsa in da yana da ƙarfi ko niyya ko sani, a kuma taimaka masa ta yadda zai daina dogara da kowa da wuri. Ta jero buƙatu 14 na ɗan Adam, daga numfashi da ci da sha har zuwa tsafta da barci. Abin da ya burge ni, ibada tana cikin jerin. Nas ɗin da ta kawo wa tsoho abin taimama ta juya shi ya fuskanci alƙibla, ko ta ba wa mai ciwo wuri fastonsa ya yi masa addu'a, tana cikin aikinta ne dumu-dumu.

Ko maganin da muke cewa miƙawa kawai suke yi, akwai ƙa'ida a kansa: a tabbatar mutumin ne, maganin ne, adadin ne, ta hanyar da ta dace, a lokacin da ya dace. Idan likita ya rubuta adadin da ya wuce kima ga yaro, nas ta bayar ba ta tambaya ba, ita ma da laifinta a gaban hukuma. Ɗauki misalin mai ciki da ta kamu da jijjiga. Maganin da ake ba ta, magnesium sulphate, yana ceton rai, amma in ya taru a jiki yakan tsayar da numfashi. Saboda haka kafin a ƙara mata wani, sai ungozoma ta ƙirga numfashinta, ta auna fitsarin da ta yi, ta ɗan bugi gwiwarta ta ga ko ƙafar za ta harba. In alamun ba su yi ba, ta dakata ta kira likita. Wanda bai san dalilin bugun gwiwar nan ba, allurar kawai zai soka idan lokaci ya yi.

Haka juya marar lafiyar da ba ya iya motsi, wajen duk awa 2. Mu 'yan jinya mukan ga kamar takura ce ga wanda ya samu barci. Gyambon kwanciya kuwa daga ɗan jan tabo a ƙugu ko diddige yake farawa, kuma yakan ci nama har ƙashi.

Ginshiƙai huɗu, da darasin da Jos ta koya a 1969

Ɗalibin jinya a shekararsa ta farko ana kafa masa tunani a kan abubuwa huɗu: mutum, lafiya, muhalli da ita kanta jinyar. Mutum ana nufin shi ɗungurungum, da iyalinsa da aljihunsa da tsoronsa, ba "gado na shida" ba. Lafiya kuma ta wuce rashin ciwo. Mai ciwon suga da ya iya riƙe kansa yana sana'arsa, ya samu rabonsa na lafiya.

Jinya a matsayin aiki ba baƙuwarmu ba ce. Littattafan tarihin Musulunci sun kawo Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'ad bin Mu'az bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Tsarin makaranta da rajista na zamani kuwa ana danganta shi da Florence Nightingale, wadda ta tafi da mata 38 asibitin sojojin Ingila a Turkiyya a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya. Ta tarar cututtukan ƙazanta da cunkoso sun fi harsashi kashe sojoji, ta kuma tattara alƙaluma ta nuna wa hukuma. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan. A wannan makaranta Kofoworola Pratt ta yi karatu, wadda daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Najeriya. Ranar haihuwar Nightingale, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

Batun muhalli, mu mutanen Jos ba sai an kai mu Turkiyya ba. A farkon 1969 aka kawo wata nas 'yar mishan, Laura Wine, daga garin Lassa na ƙasar Borno zuwa asibitin mishan na Jos da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, ta kamu, aka kai ta Amurka, ta rayu, kuma daga jinin waɗannan mata aka gano ƙwayar cutar da duniya ke kira zazzaɓin Lassa. Shekara guda bayan haka likitar asibitin, Jeanette Troup, ita ma cutar ta kashe ta. Duk lokacin da nas ta hana ka shiga ɗaki da tawagar 'yan dubiya, ko ta tsaya neman safar hannu kana ganin tana ɓata lokaci, akwai rayukan da aka rasa a garin nan da suke bayan wannan doka.

Hanyoyin karatu

Ƙofar shiga ɗaya ce ga kowa: kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. A nan 'ya'yanmu mata da yawa suke tsayawa, musamman waɗanda suka fito daga makarantun da babu malamin Fiziks ko ɗakin gwaji. Duk mai son 'yarsa ta zama nas, tun tana aji huɗu na sakandare ya kamata ya sa ido a kan waɗannan darussa.

Tsohuwar hanya ita ce makarantar jinya ta shekara 3, wadda galibi take jingine da asibiti. Watannin farko na gwaji ne, ana tankaɗe da rairaya, wanda ya tsallake a yi masa bikin sa hula, sannan a fara tura shi ɗakunan marasa lafiya a ƙarƙashin manya. Wannan hanya ce ta samar da mafi yawan sistoci da metiron-metiron da muka sani. Yanzu ana mayar da waɗannan makarantu kwalejoji, ana shiga ta JAMB, a yi shekara 4 a fito da difloma ta ND da HND tare da rajistar hukuma. A Filato kwalejin jinya ta gwamnatin jiha tana Vom, garin da ya daɗe da sanin aikin asibiti, tun asibitin mishan da aka kafa can a 1922.

Hanya ta biyu ita ce jami'a: shekara 5, a fito da digirin BNSc, a ƙara shekara guda ta horon aiki a asibiti. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen jinya a 1965, kuma Jami'ar Jos tana da nata. Bayan rajista mutum yana iya komawa ya ƙware: ɗakin tiyata, sa barci, ido, taɓin hankali, yara, ƙashi, hatsari da gaggawa.

Ko ta wace hanya aka bi, jarrabawar NMCN tana jiran kowa a ƙarshe, da rubutu da gwajin aiki. Takardar makaranta kaɗai ba ta mayar da mutum nas.

Tsakanin masu difloma da masu digiri akwai 'yar tsama da ba a cika faɗa a fili ba. Na farko suna cewa su ne suka san gado, 'yan jami'a sai turanci. Na biyu suna cewa aikin ya wuce gwanintar hannu, yana buƙatar bincike da zurfin ilimi. A ganina kowa yana da gaskiyarsa, amma akwai hujjar da ba a iya turewa. Binciken da wata malamar jinya, Linda Aiken, da abokan aikinta suka wallafa a 2014, a kan asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, ya nuna duk ƙarin kashi 10 cikin 100 na nas masu digiri a asibiti yana tafiya da raguwar mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100. Binciken ya kuma nuna duk ƙarin marar lafiya guda a kan nas ɗaya yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 7 cikin 100. Turai ce aka auna, ba Filato ba. Amma duk wanda ya kwana a ɗaki mai gadaje ashirin da wani abu, nas ɗaya tana zirga-zirga, zai gane lamba ta biyun nan ba sai an fassara masa ba.

Okzilari: daga ina, kuma laifin wa?

Okzilari yarinya ce, wani lokaci saurayi, da aka kai wani asibitin kuɗi "ta koyi aiki", kamar yadda ake kai yaro wajen tela. Iyaye su biya, a ɗinka mata fararen kaya, ta yi shekara biyu ko uku tana kallo tana kwaikwayo, a yi mata walimar yaye, a ba ta takarda mai hatimin asibitin. NMCN ba ta san da wannan takarda ba. Babu rajista, babu lasisi, babu hukumar da za a kai ƙara idan an yi ɓarna.

A unguwarmu akwai yaron da yake jan ƙafa har yau. Zazzaɓi ya yi yana ɗan shekara huɗu, aka kira wata mai allura ta zo gida, ta soka masa a tsakiyar ɗuwawu. Akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka har tafin ƙafa, shi ya sa ake koya wa ɗaliban jinya su raba wurin gida huɗu su soka a na sama ta waje, ƙaramin yaro kuma a cinya. Uwar yaron ta ce mini tun a daren ya daina taka ƙafar. Mai allurar ba muguwa ba ce, 'yar unguwa ce mai kirki da ake kira ko da tsakar dare ta zo. Ba a taɓa nuna mata inda jijiyar take ba.

Haka ƙarin ruwa, wanda muka mayar kamar shayi, duk wanda ya ji kasala a ɗaura masa leda biyu a ɗaki. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko ƙaramin yaro, in ruwan ya yi yawa ko ya yi gudu, huhunsa yake cikawa.

Masu kare tsarin suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Mai ƙaramin asibiti a Rikkos ko Bukuru zai ce maka in ya ɗauki nas masu rajista zalla, kuɗin gado zai fi ƙarfin mutanen da yake yi wa aiki. Uba zai ce 'yarsa ta nemi makarantar jinya sau uku ba ta samu ba, gara ta koyi wani abu da zaman gida. Mai jego a bayan gari za ta ce lokacin da naƙuda ta kama ta, okzilari ce kaɗai ta buɗe mata ƙofa. Duk gaskiya ne. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne muna buƙatar mataimaka da aka horar a kan tsari, aka ƙayyade musu iyaka, suna aiki a ƙarƙashin idon mai lasisi. Bai halatta a ɗauki kuɗin yarinya a ba ta takardar da ba ta da daraja a ko'ina, a sake ta cikin unguwa da sirinji ba. Ita ma an cuce ta: shekarunta sun tafi, ba za ta samu aikin gwamnati da takardar ba, ranar da tsautsayi ya faɗa kuma ita za a kama.

Masu lasisin kuma suna tafiya

A watan Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da sabuwar ƙa'ida cewa sai nas ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki bayan samun lasisi kafin a tantance masa takardunsa don aiki a ƙasar waje. Ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a ofishin hukumar a Abuja da Legas. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce sama da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai.

Hujjar hukuma a fili take: ƙasa ta horar da kai, ka yi mata aiki kafin ka tafi Ingila ko Saudiyya. Amsar ma'aikatan ita ma a fili take: da yawansu iyayensu ne suka biya kuɗin karatun, dubbai suna zaune ba a ɗauke su aiki ba, waɗanda aka ɗauka kuma alawus ɗin aikin dare da na kayan aiki bai taka kara ya karya ba. Waɗannan alawus-alawus, da ɗaukar ƙarin ma'aikata, da buɗe sashen jinya na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, suna cikin buƙatun yajin aikin 2025.

A 2024 gwamnati ta sanar cewa ta ƙara yawan ɗaliban da aka yarda makarantu su ɗauka, daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Abin so ne. Damuwata ita ce masu tafiyar su ne ƙwararrun, waɗanda ya kamata su tsaya a kan ɗalibi a gefen gado su ce masa "sake ƙirga numfashin nan". Aji yana iya ɗaukar ɗalibi ɗari biyu, amma gadon marar lafiya ba ya ɗaukar ɗalibi ashirin a lokaci guda.

Maganar tsawa

Ba zan rufe ido a kan abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ba. Mata da yawa a garin nan sun gwammace su haihu a gida saboda abin da suka gani ko suka ji a ɗakin haihuwa: tsawa, gori, wani lokaci har da mari a cinya. Ma'aikatan za su ce gajiya ce, mace ɗaya a kan masu naƙuda biyar, babu wuta, babu safar hannu. Na yarda gajiya tana taɓa hali. Amma mutunta marar lafiya, rufa masa asiri, neman izininsa kafin a taɓa jikinsa, da yi masa bayani da harshen da yake ji, suna cikin ƙa'idojin aikin da aka rantsar da su a kai, daidai da awon jini. Nas ɗin da ta kunyata mai naƙuda ta karya dokar aikinta, kuma illar ba ta tsaya a ɓacin rai ba: matar ba za ta dawo awo ba, ranar da jini ya ɓalle mata kuma tana gida.

Bambancinta da okzilari shi ne mai lasisi akwai inda za a kai ƙararta. Kowane ɗaki yana da sista mai kula da shi, sama da ita akwai shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, sama da su akwai NMCN, wadda take da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da mutum ko soke sunansa daga rajista.

Abin da ya rage a hannunmu

Idan za ka kwantar da naka a asibitin kuɗi, ba rashin kunya ba ne ka tambayi mai asibitin nas nawa masu rajista suke kwana da dare. Idan kai ne ɗan jinya, ka zama ido na biyu: ka faɗa wa nas in ka ga numfashi ya sauya, ko fitsari ya ragu, ko mutum ya fara sambatu, kuma kada ka ɓoye mata jiƙon da aka ba shi a gida, domin wani yakan yi karo da maganin asibiti.

Idan kuma 'yarka ko ƙanenka za ka kai karatu, kafin ka biya ko sisi ka duba sunan makarantar a jerin waɗanda NMCN ta amince da su, yana nan a shafinta na intanet. Bayan an fara karatu, ka tambaya ko an tura sunan ɗalibin hukuma an ba shi lambar shaida, domin wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, ko da ya shekara uku yana sa fararen kaya.